Katakon da aka riga aka yi wa fenti ko siten: wane gam ne zai riƙe shi?

Shekarar da na fara ƴan aikace-aikacen katako na ƙawa, irin firam ɗin hoto da ƙananan akwatunan ajiye sarƙa da ɗan kunne da allon suna da ake maƙalawa a ƙofar ɗaki, akwai wani aiki da ya ban kunya wanda har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Wata baiwar Allah ce ta ban aikin allon suna na ɗakin amarya, na yanka filawud na goge shi tas na shafa mai fentin mai fari har shafi biyu ya bushe yana ta ƙyalli, sannan na yanko haruffan daban na musu ruwan gwal, na ɗauko farin gam ɗin nan da kowane kafinta ke da shi a shago na manna su ɗaya bayan ɗaya na ɗora littattafai a kai ya kwana. Da safe na taɓa na ji daram. Kwana huɗu da kai aiki sai ga waya, wai haruffa biyu sun faɗo sunan amarya ya koma wani abu daban. Da aka dawo min da allon na juya bayan harafin sai na ga gam ɗin ya bushe ya zama wata ƴar fata, na sa farce na ɓare ta ta fita fes kamar yanar saman kunu, fentin da ke ƙasa kuwa ko ƙwarzane babu.

Haushi ya sa na je na siyo gam mai tub biyu wanda ake haɗawa, na ce yau sai na ga ƙarshen taurin kai. Ya kama kam, babu ƙarya. Amma da allon ya zame daga kan benci ya bugi ƙasa sai harafi ɗaya ya sake fita, wannan karon da fentin gaba ɗaya a manne a bayansa, ya bar min filawud tsirara a wajen. A nan ne kaina ya waye, ashe gam ba ruwansa da katako, abin da ya taɓa shi yake riƙewa. In ka manna abu a kan fenti to fenti ka manna, kuma ƙarfin aikinka ba zai taɓa wuce ƙarfin da fentin ya riƙe katakon da shi ba, ko da gam ɗin da ake haɗa jirgin sama ka samo.

To kafin ma a zo maganar wane gam, sai ka fara sanin me aka shafa wa katakon, don mutane na haɗa su duka su ce fenti alhali ba ɗaya ba ne. Fentin mai da banish da laka (wato lacquer, ruwan ƙyalli da ake fesa wa katako) da fentin mota da masu feshi ke amfani da shi, duk waɗannan rufi suke yi, wata fata ce suke shimfiɗawa a saman katako su toshe ƙofofinsa. Fentin ruwa shi ma yana rufewa amma bai kai su santsi ba, sai dai shi matsalarsa bai da ƙarfi a jikinsa, yana iya ɓarewa ko ya yi gari. Siten kuwa daban ne, shi kamar rini yake, shiga jikin katakon yake ya canza mai kala zanen itacen na nan ana gani. Shi ma iri biyu ne a wajen masu gam, na ruwa ko na sifirit yana barin ƙofofin katako kusan a buɗe, na mai kuwa akwai mai a cikinsa da ke bushewa a cikin ƙofofin ya toshe wani sashe. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wajen da ba a gani ka jira minti biyu zuwa uku, in katakon ya sha ruwan wajen ya yi duhu to farin gam na da hanyar shiga, in ruwan ya dunƙule yana yawo kamar a kan ganyen gwaza to ka manta da farin gam kawai.

Bari na fara da shi farin gam ɗin tunda shi ne a hannun kowa, Top Bond ne ko Fevicol na Indiya ko Ponal ko Titebond na Amurka ga mai hali, duk dangi ɗaya ne, PVA ake ce wa sinadarin. Yadda yake aiki shi ne ruwa ne ke ɗauke da shi, in ka shafa ka matse sai katakon ya tsotse ruwan gam ɗin ya bi ƙananan ƙofofin itacen ya bushe a ciki, gefe da gefe, shi ya sa in aka haɗa katako tsirara da katako tsirara aka matse da kyau, in ka zo ka karya sau da yawa katakon ne ke tsagewa a gefe layin gam ɗin na nan. Wallahi a kan katako tsirara ban ga abin da ya kai shi sauƙi da arha da ƙarfi ba. Amma ka ɗora shi a kan fentin mai, ina zai shiga? Babu. In ma duka fuskokin biyu masu fenti ne abin ya fi muni, ruwan ba shi da hanyar fita, bakin-bakin zai bushe ka zata an gama, tsakiya kuwa bayan kwana biyu ka buɗe ka tarar da shi fari jiƙe kamar yanzu ka zuba. A kan siten na ruwa yana kamawa ba laifi in siten ɗin ya bushe sosai, a kan siten na mai kuwa ƙarfinsa na raguwa, ya isa ya riƙe ɗan ado marar nauyi in ka bari ya kwana biyu ko uku ya bushe ka ɗan bi wajen da samfefa, amma ni ba zan haɗa ƙafar kujera a haka ba.

Wani abu kuma game da farin gam da ya shafe mu nan arewa, kamfanonin kan rubuta cewa kana da kamar minti 5 zuwa 10 kafin ka haɗa, to wannan lissafin ba da hunturun Kano ko zafin Sakkwato na watan Afrilu aka yi shi ba. Iskar hunturu na busar da shi tun kana shafawa, kafin ka gama jera guntayen ya yi yana a sama, kuma in ya yi yanar nan ko ka matse ba zai shiga ɗaya gefen ba. Shirya komai tukuna, gwada haɗawa ba gam, sannan ka shafa ka matse nan take. A bar shi a matse aƙalla minti 30 zuwa awa ɗaya, kar a ɗora mai nauyi sai ya yi awa 24. Sannan ɗabi'ar nan ta tsinka shi da ruwa don ya yi auki, ɗan kaɗan ba laifi, kamar kashi 5 cikin ɗari, amma in ya koma koko ai ka kashe shi. In aikin zai zauna inda ruwa ke taɓawa, kicin ko baranda, duba jikin robar ko an rubuta D3 ko D4, wannan ma'aunin Turai ne na jure ruwa daga D1 zuwa D4, mafi yawan farin gam na gama-gari na cikin ɗaki ne kawai.

Sai mai tub biyun, efoksi, wanda wasu ke kira Araldite ko da ba na kamfanin ba ne, wasu kuma su ce fo minit saboda masu saurin kamawa da ke cike a kasuwa. Shi ba bushewa yake ba, haɗuwar ruwan biyu ce ke sa shi daskarewa, don haka bai damu da ko katako zai sha ko ba zai sha ba, a kan fenti ma zai daskare, a kan ƙarfe ma, a kan gilas ma. Wannan ne ya sa in dole ne sai na manna a kan fenti kuma abin na da ɗan nauyi, shi nake fara tunawa. Kuma yana cike gibi, in fuskokin biyu ba su zauna daidai ba shi zai cike wajen kuma ya yi ƙarfi a haka, abin da farin gam ba ya iyawa. Sharaɗinsa dai ka kashe ƙyallin fentin da samfefa mai lamba 80 ko 120 don ya samu inda zai sa farce, ka goge ƙurar da ɗan sifirit, ka matso ruwan biyu daidai wa daida ka juya sosai har kalar ta zama ɗaya. Mafi yawan waɗanda ke cewa efoksi bai kama musu ba ko dai sun zuba ɗaya ya fi ɗaya ne ko ba su juya ba, sai ya tsaya da danƙo-danƙo har abada.

Tsakanin mai sauri da mai jinkiri kuwa, ni na fi yarda da mai jinkirin. Mai minti 4 ko 5 ɗin nan a zafinmu wani lokacin kafin ka gama juyawa ya fara kauri, kuma in ya daskare ya fi gautsi, mai jinkirin da ke ba ka sama da awa guda kana gyara zama ya kwana kafin ya yi ƙarfi ya fi shi riƙo nesa ba kusa ba. Illarsa tsada, ga shi in ya tsiyayo a kan fenti ya daskare cire shi sai da fentin, kuma da yawansu na komawa rawaya-rawaya in rana na dukansu, a kan farin aiki abin na fitowa ɓaro-ɓaro. Kuma kar ka manta labarina na sama, in fentin da kansa bai kama katako ba efoksi zai kwashe shi ne su tafi tare. Akwai gwajin da zaka yi, sa reza ka tsaga fentin ƴan layuka a tsaye da a kwance kamar gidan dara a wani lungu, manna salatif mai ƙarfi ka danna ka fizge, in ƴan murabba'an fentin sun biyo salatif to kankare fentin nan kawai, babu gam ɗin da zai cece ka.

Supa gulu kuma, kowa ya san shi, har mai shayi na da ɗaya a aljihu. Wani Ba'amurke mai suna Harry Coover ne ya ci karo da sinadarin a 1942, sai 1958 aka fara sayar da shi a matsayin gam. Yana kama fenti da banish sosai tunda shi fuska mai santsi ma ya fi so, a kan katako tsirara ne ma mai ruwa-ruwan ke shigewa ciki ya ɓace kafin ya riƙe komai, shi ya sa mai kauri irin na jel ya fi dacewa da aikinmu. Don ƙananan abubuwa, ɗan fure, ɗan harafi, dutsen ado, guntun da ya ɓalle a kusurwa, ba shi da na biyu wajen sauri. Amma fa gautsi gare shi kamar gilas, bugu ɗaya daga gefe sai ya saki, kuma katako abu ne mai motsi, da damina ya sha danshi ya kumbura da hunturu ya tsuke, duk wanda ƙofar ɗakinsa ke ƙin rufuwa a watan Agusta ta koma tana lilo a Janairu ya san wannan, to abu mai faɗi in ka riƙe shi da supa gulu wannan motsin kaɗai ya isa ya raba su. Ga kuma farin hazon da yake bari a kewayen inda aka ɗiga, a kan baƙin fenti ko banish mai duhu sai kaga kamar an barbaɗa hoda, kuma abin da ke cire shi, asiton, wato ruwan da ake goge fentin farce da shi, shi ma yana cin laka da banish ɗin. Ɗigo kaɗan ake sawa, in ka cika ya fi daɗewa bai kama ba kuma hazon ya fi yawa. Danshin iska ne ke sa shi daskarewa, shi ya sa da hunturu zaka ga yana nawa, ɗan huci da baki a kan ɗaya fuskar na taimakawa. Kar kuma ka goge shi da auduga ko tsumman auduga, zafi yake ɗauka har ya ƙona yatsa.

Akwai wata dabara da nake yi da shi, in zan manna abu da gam mai jinkiri kuma ba yadda zan matse shi, sai na shafa mai jinkirin a tsakiya na bar wuri biyu ƙanana na ɗiga supa gulu, na danna da hannu na ƙirga talatin. Supa gulun ya zama shi ne ɗan riƙo kafin babban ya kama.

Evo-Stik da ƴan'uwansa, wato dangin sholisho da masu gyaran takalmi da masu kushin ke amfani da su, aikinsu daban ne. Ana shafawa a fuska biyun a bari ya sha iska kamar minti 10 zuwa 15 har in ka taɓa ba ya biyo yatsa, sannan a haɗa a danna da ƙarfi, kuma da sun taɓa juna shikenan babu gyara zama. Wajen manna fomaika ko fata ko yadi ko siririn katako mai faɗi a kan fuska mai faɗi, nan ne gidansa, kuma yana kama fenti tunda ba ya buƙatar shiga ciki. Matsalar ita ce ruwan da aka narka shi da shi na da kaifi, yana iya tausasa fenti ya sa shi yamutsewa musamman fentin da bai daɗe ba ko na gwangwanin feshi, sai ka gwada a ɓoye tukuna. Sannan roba ne, bai daskarewa ya yi tauri, in abu mai nauyi ya rataya a kansa ga zafi, a hankali zai dinga zamewa. Ba gam ɗin haɗa gaɓa ba ne sam. Kuma don Allah a buɗaɗɗen wuri, nesa da wuta, warin nan kowa ya san abin da shaƙarsa ke yi wa ƙwaƙwalwa.

Gam mai kumfa, irin Gorilla Glue na asali mai ruwan ƙasa, mutane na ganin tallansa a intanet suna zaton shi ne sarkin gam. Yana da kyau, yana jure ruwa, yana kama abubuwa mabambanta kamar katako da ƙarfe ko dutse, kuma a kan siten na mai ya fi farin gam. Amma danshi yake buƙata kafin ya kama, dole ka ɗan jiƙa fuska ɗaya, balle a busasshen katakonmu na rani, sannan yana kumbura ninki uku zuwa huɗu, in baka matse shi da kyau na awa ɗaya zuwa biyu ba kumfar zata ture guntayen su rabu, kuma kumfar da ke cike gibin nan ba ta da wani ƙarfi, soso ce kawai. A kan aikin da aka riga aka gama wa fenti kuwa ni tsoronsa nake, don zai tsiyayo ta gefe ya kumbura a kan fentinka mai kyau, in ya taɓa hannu kuma ka yi kwanaki da baƙin tabo. Sai in aikin waje ne kuma daga baya za a yi fentin.

Sai gam mai kama da kyandir da ake sawa a ƴar bindigar da ke narka shi, masu kwalliyar biki sun fi kowa saninsa. Sauri gare shi, yana kama fenti na ɗan lokaci, amma zafi ne ya narka shi kuma zafi ne zai sake sassauta shi, bar aikin a cikin mota a tsakar ranar Maiduguri ka dawo ka gani. Ga kauri, abu ba ya kwanciya lif a kansa. Na ado ne na kwana biyu, ko riƙon ƙwarya kafin wani gam ya kama.

Wanda mutane ba su cika kulawa da shi ba kuma ni yanzu na fi amfani da shi a kan fenti shi ne dangin masu laushi. Akwai B7000 ɗin nan da masu gyaran waya ke manna sikirin da shi, da E6000, suna zuwa da siririn baki, garau suke kamar ruwa, in sun bushe suna zama kamar roba mai tauri, don haka in katako ya motsa ko abin ya faɗi suna bi ba sa karyewa, in ya ɗan tsiyayo kuma kana iya murje shi da yatsa kafin ya gama kamawa. Don haruffa da madubi ƙarami da duwatsun ado a kan allo mai fenti sun fi min supa gulu, haƙuri kawai suke so, kwana ɗaya zuwa biyu, wani har uku. Su ma akwai ɗan kaifi a ruwansu, a gwada a lungu. In abin ya fi girma, kamar manna katakon ado a jikin ƙofa mai fenti ko bango, akwai na cikin dogon bututu da ake matsawa da bindigar silikon, waɗanda aka rubuta MS polymer a jiki, ba su da ruwan da ke cin fenti, suna cike gibi, kuma ana iya yin fenti a kansu. Kar dai a ruɗe a ɗauko silikon na gilas mai warin tsami, shi na toshe kafa ne ba na riƙo ba, kuma duk inda ya taɓa fenti ba zai ƙara zama a wajen ba.

To in mutum ya ce min malam duk na ji, wanne zan siya? Sai na tambaye shi abin zai ɗau nauyi ko ado ne. In zai ɗau nauyi, ƙafar kujera, hannun tire, kantar littattafai, kujerar tsugunno da ta rabu, lilon yara, to maganar manna a kan fenti ma bata taso ba, kankare wajen zaka yi har sai ka ga farin katako a duka fuskokin, ka koma wa farin gam ka matse, in da hali ka ƙara da ƙusa ko sukuru ko ƴar sandar katako a ciki. In tsohuwar gaɓa ce da ta yi sako-sako ramin ya faɗaɗa, kankare tsohon gam ɗin shi ma, don sabon farin gam ba ya kama busasshen tsoho, sannan ka sa efoksi mai jinkiri tunda akwai gibi. In ado ne marar nauyi a kan fenti mai kyau da ba ka son taɓawa, B7000 ko supa gulu mai kauri. In mai matsakaicin nauyi ne kamar marikin akwati ko ƙugiyar rataye makulli, kashe ƙyallin ka sa efoksi, amma ni ko a nan sai na ƙara ɗan sukuru ta baya in zai ɓuya. In shimfiɗa ce mai faɗi, Evo-Stik.

Kankarewar ma ba wani aiki ba ne in ka san yadda ake yi. Ɗora abin da zaka manna a inda zai zauna, zagaye shi da fensir a hankali, ɗauke, sai ka kankare cikin zanen ka bar kamar milimita 2 zuwa 3 daga layin don kar katako tsirara ya leƙo. Reza ko bakin kurfi ko samfefa da aka naɗe a ɗan guntun katako duk suna yi. Ko rabin wajen ka samu ya zama katako da katako ya fi duka wajen fenti da fenti. In tsohon fentin mai ne na kayan gado da ba ka san shekarunsa ba, rufe hanci ka ɗan jiƙa samfefar don kar ƙura ta tashi, tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a ciki, Amurka ma sai 1978 ta hana sa ta a fentin gida, kuma yara ta fi yi wa illa, kar a yi a tsakar gida suna wasa.

Wanda ya fi duka sauƙi dai shi ne tun farko kar fentin ya taɓa wajen. Yanzu in zan yi akwati ko firam kuma na san fenti kafin haɗawa ya fi min sauƙi, don lungunan ciki wahalar shiga gare su, sai na bi duk inda gam zai zauna na rufe da salatif na takarda, na yi fentina ko siten, ya bushe na ɓare, ga katako fes yana jiran farin gam. Akwai ma riba a haka, gam ɗin da ya tsiyayo a kan fenti da ɗan jiƙaƙƙen tsumma yake fita. Akasin haka kuwa, wato ka haɗa da gam sannan ka yi siten, nan ne ake kuka, duk inda farin gam ya taɓa ya bushe siten ba zai shiga ba, sai ka gama shafawa kaga tabo fari-fari a bakin gaɓa har da shatin yatsanka. Kuma gogewa da ruwa tun yana ɗanye tura shi cikin katakon yake ƙara yi, gara ka bar shi kamar minti 20 zuwa 30 ya yi kamar cingam ka ɗauke shi da bakin reza.

Abu biyu da ke kayar da mutane ko sun zaɓi gam daidai. Na farko gaggawa, fenti ya bushe a hannu daban ya nuna daban, fentin ruwa cikin awa ɗaya zuwa biyu zaka taɓa ba ya biyo ka amma yana iya ɗaukar sati biyu zuwa huɗu kafin ya gama tauri, na mai ma yana son kamar mako guda, in ka danna farce ya shiga to bai isa a manna mai komai ba. Na biyu irin katakon, tik da iroko suna da maiƙo a jikinsu, ko ka kankare fenti sai ka goge wajen da asiton ka bari ya bushe ka shafa gam nan take kafin man ya sake fitowa, malaina da obece da filawud kuwa ba su da wannan rigimar. Bakin katako inda zarto ya yanka a kwance shi ma shan gam yake sosai, a kusurwar firam sai ka fara shafa siriri ka bari ya sha minti kaɗan sannan ka ƙara na biyu ka haɗa. Wajen matsewa in ba ka da kilam, wato ƙarfen matse katako, tsohon tub ɗin mashin da aka yanka siri-siri ya ishe ka, ka dai sa ɗan kwali a kusurwa kar robar ta bar baƙi a fentin.

Allon amaryar nan kuwa a ƙarshe sake shi na yi gaba ɗaya, na kankare fentin da ashe ma a kan ƙura na shafa shi ba tare da shafin farko ba, na zana inda kowane harafi zai zauna na rufe da salatif, na sake fenti, na ɓare na manna da farin gam ɗin da na zarga tun farko, daga robar nan dai guda. Kuɗin fenti da na mota duk daga aljihuna suka fita, uwar amarya kuma da na kai mata sai da ta sa hannu ta ja kowane harafi ɗaya bayan ɗaya a gabana kafin ta karɓa.